MURYA TA UKU — Shafi na 14

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi, ku bar ni in sha iska. Ke kuma da kika rubuta jiya wai duk wanda ya samu ƙanwa irina, ni Vibeke, ya more, riƙe yabonki tukuna, ki karanta wannan shafin.

Mun tsaya ranar Asabar, ƙarfe biyu na rana, a zauren wasannin garinmu. Mutum ɗari uku da wani abu, yawanci masu furfura da tumbi, kowa da tsohuwar kwamfutarsa a gaba, irin wadda muke kira akwatin burodi. An fara gasar sabon zubi: ka ɗauki kiɗan wani tsohon wasan kwamfuta, ka sake gina shi da kayan kiɗan yau, jama'a su jefa ƙuri'a. Ba a faɗin sunan mai kiɗa sai an gama. Lamba kawai ake gani a babban allo.

Yayana Asger yana gefena, sandarsa tsakanin ƙafafunsa. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi ta bar masa kalma ɗaya tak: "eh". Yunwa eh, fushi eh, a'a ma eh. Wata goma sha takwas ya yi yana gina kiɗansa da hannun hagu, kuma likita ya ce hannun ma ya fara rawa, da wuya ya sake yin wani. Sati uku da suka wuce ya ba ni fayil ɗin in shigar masa gasa. Na ce masa an shigar.

Allo ya nuna lamba goma sha ɗaya.

Kiɗan Hasumiyar Mujiya ne, wasan da muka tashi da shi. Ya fara siriri, murya biyu kacal, tsakiyarsa wayam. Wani a baya ya ce, "Lasifika ta mutu ne?" Aka yi 'yar dariya. Na sunkuyar da kai.

Sai waƙar ta shigo.

Da farko ita kaɗai, a hankali. Sai ganguna suka ɗauke ta, sai goge ya hau kai, zauren ya cika har kujerata tana rawa. Wannan waƙar ba ta cikin wasan. Duk duniya mutum biyu ne suka san ta, kuma dukanmu muna zaune a layi na huɗu.

Asger ya damƙe hannuna. Yana kallon allo, hawaye na bin ɓarin fuskar da ba ya motsi.

Da aka gama, mutane suka miƙe tsaye. A wajen nan ba a miƙe wa kowa, gwiwoyi sun tsufa. Amma suka miƙe.

Da aka tafi hutun jefa ƙuri'a na nufi teburin Solvej, wadda ke riƙe da takardun gasa shekara goma sha biyu.

"Solvej, duba min ko an rubuta sunan Asger daidai."

Ta ɗago. "Asger? Ai bai shiga ba bana."

"Lamba goma sha ɗaya."

"Kin san ba na faɗin suna."

"Ba tambayarki nake ba. Gaya miki nake, nasa ne."

Ta zaro takardar, ta rufe ƙasanta da tafin hannu, ta ɗan karkato min ita.

Preben.

Preben dai da kuka sani. Abokin Asger tun suna 'yan sha uku, ƙungiyarsu ta kiɗan kwamfuta ɗaya shekara talatin. Wanda sau biyu kacal ya leƙa asibiti, na biyun ma aron waya ya je yi.

"Ta ina ya samu fayil ɗin?" Solvej ta tambaya.

Na juya.

Na same shi a wajen mai sayar da tsiran alade, jingine da kanta, gemunsa duk miya, mutum biyar sun zagaye shi suna hasashen waye goma sha ɗaya. Shi kuma yana murmushin nan na wanda ya sani.

"A'a, 'yar ƙaramar Vibe! Zo in saya miki ɗaya. Da albasa ko babu?"

"Cire sunanka."

"Daga ina? Littafin coci?"

Suka kwashe da dariya.

"Daga kiɗan yayana, ɓarawo."

Dariyar ta tsaya. Preben ya lashe yatsansa, ya goge a riga, bai ko gyara tsayuwa ba.

"Kin karya doka fa. Yanzu kowa ya san goma sha ɗaya nawa ne. Na gode, kin ƙara min ƙuri'a."

"Na Asger ne!"

"Wane Asger? Wanda kike ɗaura wa igiyar takalmi kullum da safe? Haba Vibe. Mutumin da cokali ke gagara shi ne zai jera ganguna takwas?"

"Wata goma sha takwas ya yi a kai."

"Ni ma na yi wata goma sha takwas ina niyyar rage tumbi. Ga ni nan."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta da ya ga fuskata. Na rantse muku, da tukunyar ruwan zafin mai tsiran nan tana kusa da hannuna, da yau daga gidan yari nake rubuto muku.

Solvej ta iso, takarda a hannu. Mutane suka fara barin teburansu.

"Preben, an kawo ƙara. Naka ne?"

"Nawa ne, tun daga farko har ƙarshe."

Na ce, "To gaya musu me ya sa farkonsa murya biyu ne."

Ya ɗaga kafaɗa. "Salo ne."

"Kowa a nan ya san injin nan murya uku gare shi. Ina ta ukun ta tafi har kusan minti guda?"

"Na ɓoye ta don ta shigo da ƙarfi. Ana kiran wannan fasaha, ba a koyar da ita a ofishin gidan waya da kike aiki."

"Waƙar da ta shigo fa? A ina take a cikin wasan?"

"Babu. Ni na ƙirƙira."

"Ƙarya kake! Ni na ƙirƙira, ina 'yar shekara tara!"

Na juya wajen jama'a, na ba su labarin. Shekarar da babanmu ya saya mana akwatin burodi, sati biyu kacal da zuwansa na fizge wayar sandar sarrafa wasa daga jikinsa yana kunne. Wani abu ya ƙone a ciki. Murya ta uku ta mutu, kuma a Hasumiyar Mujiya ita ke ɗauke da waƙar. Baba ya ce ba zai gyara ba, mu ji da shi haka. Asger ya murɗe min kunne ya ce, "Ke kika kashe ta, ke za ki zama ita." Kullum in zai yi wasa sai ya zaunar da ni a gefe in rera. Ni kuwa ban riƙe ta gaskiyar ba, sai na shirya tawa. Shekara uku ina rera masa ita.

"Injin yana nan," na ce. "Yana kan teburin Asger, layi na huɗu. Har yau ba a gyara shi ba. Ku zo ku ji."

Ba abin da mutanen nan ke so kamar a ce a kunna inji. Tuni suka yi gaba, har da masu kofi a hannu.

Asger yana zaune inda na bar shi. Ya ga taro ya nufo shi, ya dube ni da tambaya a ido. Na kasa yi masa bayani. Na zura kaset ɗin wasan, na danna, allo ya fara zane-zanen nan masu rawa. Minti huɗu yake ɗauka kafin ya buɗe, kuma ba mai iya gaggauta shi.

A cikin minti huɗun nan Preben ya nuna min ko shi waye.

Ya jawo kujera, ya zauna daf da Asger, ya dafa masa mataccen hannun.

"Tsoho, ya jiki? Ƙanwarka na tada hankalin jama'a. Bari mu huta da su. Kiɗan nan na goma sha ɗaya, ni na yi shi, ko ba haka ba?"

Asger ya zaro ido. Ya dube ni, ya dubi Preben. Bakinsa ya fara kokawa. Jijiyar wuyansa ta miƙe, ya girgiza kai da ƙarfi.

"Eh."

"Kun ji ko?"

"Preben, bari!" na ce.

"Tsaya mana, shaida nake ɗauka. Asger, kai ba ka iya komai yanzu, ko?"

Asger ya buga sandarsa a ƙasa. "Eh! Eh!"

"Kuma duk kofunan da ka ci a baya, ni nake yi maka aikin?"

"Eh!"

Miyau ya zubo masa a gefen baki. Ya kai hannun hagu zai goge, hannun na rawa, ya kuskure.

"Kai, ya isa," wani dattijo ya ce daga baya. "Ba ka da kunya ne?"

"Tambaya na yi, ya amsa. Ni na shanye masa baki?"

Solvej ta ce, "Wannan ba amsa ba ce, kuma ka sani."

Allo ya yi baƙi. Hasumiyar ta bayyana. Kiɗa ya fito daga ƙaramar lasifikar talabijin.

Murya biyu. Tsakiya wayam. Daidai da farkon lamba goma sha ɗaya, har 'yar ƙarar nan ta "tik" da injinmu ke yi duk inda matacciyar muryar ta so shigowa ta kasa. Asger har ita ya saka a kiɗansa.

"Ga tik ɗin nan," wani ya ce. "Na ji ta ɗazu, na zaci wayar lasifika ce."

Na buɗe baki na rera waƙata a kai. Muryar mace mai shekara arba'in da shida, a shaƙe da kuka, amma ta zauna a gurbinta cif.

Solvej ta cire murfin biro.

"Preben, zan soke sunanka. Kuma ba ka ƙara shiga gasar nan muddin ni ke riƙe da ita."

Na zaci zai tashi ya fice. Na zaci na gama da shi. Har na fara jin daɗi, kun ji wauta.

Sai ya zaro wayarsa, a natse, yana lalube da babban yatsa.

"Soke, Solvej. Amma akwai tambayar da ba ki yi min ba. Ba ki so ki san ta ina na samu fayil ɗin?"

Na matso kusa da shi.

"Preben," na ce a hankali. "Don Allah."

"Au, yanzu kuma don Allah ne? Ɗazu ai ɓarawo nake."

"Ba a gabansa ba. Mu fita waje. Duk abin da kake so."

"A gabansa kika tara min mutum ɗari uku."

Ku da kuke karatu, ga abin da ban gaya muku ba a shafi goma sha uku da suka wuce. Na iya ba da labari yadda zan fito fes, kuma na yi. Yau ba hanya.

Ya ɗaga wayar, ya gyara murya, ya siranta ta kamar tawa.

"Ranar uku ga wata, daga Vibeke. 'Preben, ka rufa mana asiri. Na saurari abin da Asger ya yi, ba ya jiyuwa. Rabin kiɗan babu, shi kuma bai ma san babu ba. Ciwon ya cinye masa kai, ba jiki kaɗai ba.'"

"Ya isa!"

"Saura kaɗan. 'Ka cike masa gurbin ka shigar da sunansa, kada a yi masa dariya. Kada ka gaya masa. In ba zai gyaru ba ka jefar kawai, zan ce masa mun makara. Ko yaya na ce masa zai yarda.'"

Ya kife wayar a kan tebur, kusa da hannun Asger.

"Ta ce in jefar. Ni kuwa na tsinci abin da aka jefar. Ina satar?"

Injin yana ta maimaita kiɗansa mai murya biyu. Ba wanda ya tuna ya kashe.

Ban iya kallon Asger ba. Takalminsa nake kallo, wanda na ɗaura da safe.

"Kuma ku ji abin dariyar," Preben ya ci gaba. "Ban taɓa ko sauti ɗaya ba. Na buɗe zan gyara, na tarar babu abin gyarawa. Shekara talatin ina zuwa na biyu a bayan mutumin nan. Na ce yanzu dai ya faɗi, lokacina ya zo. Sai ga shi da hannu ɗaya ya yi abin da ban taɓa yi da biyu ba. Na zauna a kicin ina kuka kamar wawa. Eh, na sa sunana. Na so in ji yadda ake miƙe wa mutum sau ɗaya kafin in mutu."

Ya juyo kaina.

"Ke fa? Sakan nawa kika saurara?"

Na kau da kai.

"Faɗa mana. Ke ce mai son gaskiya yau."

"Ban sani ba."

"Kin sani. Waƙarki a sakan hamsin da biyar take shigowa. Da kin kai can da ba ki rubuto min wannan ba. Nawa?"

"Arba'in," na ce. "Wajen arba'in."

Wata mata ta ce "Kash" a bayana.

Haka ne. Ina tsaye a bakin murhu ranar, ina juya miya, wayar a kan firji. Na ji murya biyu, na ji ramin da ke tsakiya, zuciyata ta karye, na kashe. Ni da na ƙone muryar nan da hannuna. Ni da na yi shekara uku ina cike ramin nan da bakina. Na ji injinmu yana magana, na ce ciwo ne. Sai ranar, a zauren nan, tare da baƙi, na fara jin waƙata a cikin kiɗansa.

"Har rubutu ya saka a cikin fayil ɗin," Preben ya ce. "Wajen da ake jera sunayen waɗanda suka yi aiki. Da yatsa ɗaya, ina jin ya kwana biyu a kai. 'Murya ta ɗaya da ta biyu: Asger. Murya ta uku: Vibeke.' Ni na goge shi. Amma ni dai na karanta kafin in goge."

Na durƙusa a gaban kujerar Asger, na dafa gwiwarsa.

"Asger. Yayana. Tsoro na ji, na rantse tsoro ne. Ban so su yi maka dariya ba. Dube ni mana."

Bai dube ni ba. Bai ce eh ba. Tun da ya kwanta ciwo ban taɓa yi masa magana ya yi shiru ba sai ranar.

Ya sa hannun hagu ya ɗauke hannuna daga gwiwarsa, a hankali, ya ajiye min shi a kan tebur. Sannan ya miƙa hannu ya kashe injin.

Solvej ta dubi agogo. Idonta ya yi ja.

"Saura minti biyar a rufe ƙuri'a, kuma kowa ya san wanda zai ci. Ba zan ƙara sauraron ku biyun nan ba, kun ishe ni." Ta ja layi a kan sunan Preben, ta shimfiɗa takardar a gaban Asger, ta sa masa biro a hannun hagu. "Asger, kiɗanka ne, kowa ya shaida. Na san kana iya zana suna in an ba ka lokaci. Rubuta sunan da kake so a kai. Abin da ka rubuta shi zan karanta a lasifika, shi za a zana a jikin kofi, shi zai zauna a kundin gasa har abada."

Preben ya miƙe, ya ɗauki wayarsa, ya tura kujera. Ya gama, zai tafi.

Asger ya ɗaga sandarsa ya gitta masa a gaba.

Preben ya tsaya cak.

"Rubuta naka," na ce, ina kuka. "Ka tsane ni in kana so, ka daina ganina, amma rubuta naka. Shi ne na ƙarshe, Asger. Kada ka hukunta ni da shi."

Sai a lokacin ya dube ni. Da ma bai duba ba. Ba fushi a idon, ba hawaye. Kallon da ake yi wa ma'aikaciyar asibiti da ta shigo canza zanin gado.

Ya sunkuya. Solvej ta danne masa gefen takardar don kada ta zame. Biron yana rawa, ya dafa shi da ƙarfi har yatsunsa suka yi fari.

Layin farko ya sauko a miƙe.

Na san hannunsa. Harafin A na farkon sunansa a karkace yake fara shi.

Ya ɗaga biron, ya mayar sama, ya zagayo da ɗan ciki, ya rufe shi a tsakiyar layin.

P.